Adireshin da na rubuta a fom

Adda,

Na leƙa na ga kin koma barci bayan asuba, ban tashe ki ba. Na tafi ofishin rajistar motoci a Jimeta kafin layi ya yi tsawo.

Jiya baƙi sun hana mu magana. Adda, ma'aikatan ofishin sun yarda! Hoton nan da kika tono a akwatinki, na ranar da muka gudo daga Michika kika sauke mu, lambar motarmu ta fito sarai a bayanmu. Da ita suka gano sunan maigidana, marigayi Hosea, duk da takardun sun ƙone tare da gidanmu. Yau za a mayar da motar sunana. Ban ma san kin ajiye hoton ba. Allah ya saka miki.

Ki ce wa maigidanki, Baban Usaid, ya kawo motar ƙarfe goma, za su duba lambar inji. Makullin yana ƙarƙashin filas.

Ki yi haƙuri, ban tambaye ki ba. Jiya a ofishin, da na zo wajen cike adireshin gida a fom, na daɗe riƙe da biro. Gidanki na rubuta, Yolde Pate. Ba ni da wani.

Edna