Sunayen da Za a Karanta a Coci

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka. Mu nan da sauƙi. Auta ta yaye ɗanta, Kawu tela kuma ya warke, har ya koma tsokanar mutane a bakin shago. Inna ce dai sai addu'a, ita ce ma dalilin wasiƙar nan.

Ka san idin dukan tsarkaka saura mako uku, washegari kuma Fada, limamin cocinmu, zai karanta sunayen matattun da kowane gida ya jefa a akwatin gaban bagadi. Ka kuma san kantar ɗakin Inna, inda ta jera hotunan waliyyan da muka ci sunansu ranar baftisma, na masu rai a sama, na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a ƙasa. Ran Laraba na shiga shara, sai na ga naka, dattijon nan mai riƙe da makullai, ya sauko kusa da na Baba, ga kyandir a gabansa. Na mayar da shi sama, kafin in dawo daga kasuwa ya sake saukowa.

Da na tambaye ta, ba kuka ba faɗa, ta ce wata goma sha ɗaya ba wasiƙa ba waya, ɗan da ta haifa ba zai yi mata haka yana numfashi ba. Na ce wataƙila wayarka ce ta lalace, ta dube ni kamar mai awon da ya tauye mata mudu. Katikis, malamin cocinmu, ya zo ya ce ba a sa mai rai cikin matattu, ta ce to ya nuna mata kai. Tun ranar ba ta cin abin kirki, ta kuma fito da baƙin zanen da ta ɗaura lokacin rasuwar Baba, ta wanke ta shanya.

Jiya ta zaunar da ni in rubuta sunayen, tunda idonta ya yi rauni. Kaka, Baba, Gwaggo, sannan ta faɗi naka. Yaya, ina jin haushinka ƙwarai, amma tsoro ya fi haushin yawa, don ni ma na fara tambayar kaina wa nake rubuta wa. An ce shiru ma magana ce, to taka ta ishe mu. In fushi kake yi, ka kira ka zage mu, mun yarda.

Kawu da Auta suna gaishe ku, ka gaida mai ɗakinka. Inna ba ta ba ni saƙo ba.

Jajibirin idin za a rufe akwatin. Sauran sunayen da biro na rubuta su, naka da fensir, kuma abin gogewa yana ɗaure a bakin zanena.

Ni ce ƙanwarka,
Mai bi maka