Sahun da Na Haɗa a Kan Dusar Ƙanƙara

Hindawiyya, Makka

Yaya Maryama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya Kano?

Labarin da kika ji gaskiya ne, ƙafar Muhannad, ƙanin matata Shaima, ta karye a tafiyar da muka yi duwatsun ƙasar Jojiya. Amma ba a ba ki shi duka ba.

Kin san bakina. Ɗan jagoranmu ya gargaɗe mu cewa iska na kwaso dusar ƙanƙara ta jibge ta a bayan dutse, sama ta yi ɓawo mai tauri, ƙasa kuwa gari-gari, ga shi rana ta fara zafi. Ya ce mu riƙa tafiya nesa da juna. Ni kuwa na yi dariya, wai ni da aka haifa a tudun Nakkasa na nan Makka za a koya wa dutse.

Da ya yi gaba duba hanya, azahar ta yi. Na hango wuri sumul, fari tas, babu iska. Na ja mutane can, na shige gaba, na ce a haɗa sahu, kafaɗa da kafaɗa. Muna ruku'u ƙasa ta yi wani gum, ta tsage a bayan dugadugaina, ta tafi da sahun duka. Ni kaɗai ta bari a tsaye. Sauran sun fito da kansu, Muhannad kuwa sai da muka tono shi.

Yanzu surukata da ke unguwar Shisha aiko mini da abinci take yi, wai ni na ceto ɗanta. Wallahi ba ya wuce mini maƙogwaro. Kunya ta hana ni zuwa dubiya.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Lurwanu

Yaya Maryama,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan zazzaɓin 'yarki Arwa ya sauka.

Faɗanki ya iso, na kuwa je dubiyar. Na durƙusa gaban surukata na faɗi komai, idona a kan darduma. Ta tashi ta shiga ciki. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ina neman takalmina aka kira la'asar. Muhannad ba ya iya zuwa masallaci, a kujera yake salla, don haka mazan gidan suka tsaya a falo. Da sandarsa ya tura ni gaba. Na juyo in ce a haɗa sahu, Yaya, murya ta ƙi fita. Ina kallo ya ja kujerarsa da kansa, yana cije leɓe, har kafaɗarsa ta taɓa ta babansa.

Da kuka na yi Fatiha.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Lurwanu