Ruwan da Ba Ya Jiran Azahar

Bakin teku, kudu da Fatakwal
Alhamis, tara ga watan ƙaramar salla

Zuwa ga maiɗakina Hamdiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da ƴarmu Barira, da Inna, da Larai matar ƙaninki, da duk mutanen Gidan Sori. Yaya zafi? Yaya ƙafar Inna? In kin tambaye mu, ni da ƙanin naki Ilyasu lafiya lau muke, sai kewar gida.

Kada ki ga kwana biyu ban kira ba ki ce na samu wata. Salulata ce ta faɗa taɓo. Na tsamo ta, na shanya ta a rana kamar kuɓewa, ba ta ƙara cewa uffan ba. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, zan ba Chindo direban kamyon albasa ya kai Gidan Rumji. Yau ga ranar karatun bokon da kika yi a lakol, wanda nake miki tsiya a kansa.

Mun bar dako a kasuwar albasa, don masu dakon sun fi buhunan yawa. Yanzu muna wani ƙauyen masunta, kuma in na faɗa miki aikinmu sai kin yi dariya: tsintar dodon koɗi. Ƙanana ne, baƙaƙe, ba su wuce kan ɗan yatsa ba. Mutanen nan miya suke yi da su, ɓawon kuma masu buga bulo su saya su cuɗa da siminti, don ƙasarsu ba tsakuwa. Ni dai ban kai shi baki ba. Ƙaninki ya ɗanɗana sau ɗaya, ya yini yana kurkure baki yana roƙona kada in gaya wa Larai. To, ban gaya wa Larai ba, ke na gaya wa.

Ruwan nan ba irin gulbinmu ba ne. Gulbi sai an yi ruwan sama yake kawowa, ka ga hadari ka san abin da ke tafe. Wannan kuwa sama tas, ba ko gajimare, sai ya janye da kansa ya bar filin taɓo har iyakar gani. Mu shiga da buhu mu yi ta tsinta a gindin wasu itatuwa masu saiwa a waje. Can kuma ya dawo ya rufe komai, wani wurin har ya shanye mutum a tsaye.

Suna da doka. Ba mai shiga sai an rubuta sunansa wurin shugabar masu tsinta, wata tsohuwa da kowa ke ce wa Mama. Ba a shiga ɗaiɗai. Ita ba ta tsinta, zama take a kan tudu kusa da wani tsohon ƙarfen taya irin wanda ake bugawa a lakol, in ta buga, ko tuli ka gani a gabanka sai ka fito. Kwana huɗu ke nan muna shiga, ni kuwa har na gano sirrin tsohuwar: tsakanin azahar da la'asar ruwan ke dawowa. Na ce wa Ilyasu da alama tekun nan musulma ce, tana kiyaye lokacin salla.

Abin da ke damuna shi ne shiru. Ga mutane cike da gari, amma ba mai jin Hausa sai mu biyu. Ba kiran salla, inuwa nake dubawa. Ni ne liman, Ilyasu ne mamu, shi ke nan jam'i ya cika. Da yamma mukan zauna a bakin ɗakin langa-langar da aka ba mu, ya yi ta jero mini gonakin hanyar Cadakori da masu su, in ya yi kuskure in gyara masa. Da ba ya nan, ina jin da na manta yadda muryata take.

Ki gaya wa Inna ban manta da abin da ta faɗa a bakin amalanke ranar da muka taso ba, cewa Ilyasu bai taɓa wuce Maraɗi ba, ni na ja shi, ni zan maido mata shi. Kafin ruwan shuka, in Allah ya so, za ta gan shi a ƙofar gida, ya yi baƙi ya rame, amma da ƙafafunsa.

Ki shafa mini kan Barira. Ki gaida kowa da kowa.

Naki har kullum,
mijinki Ubaidullahi


Lahadi, sha tara ga watan ƙaramar salla

Zuwa ga maiɗakina Hamdiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, da fatan Inna ta samu sauƙin ƙafa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Washegarin ranar da na rubuto miki, an wayi gari ɗanyen mai yana yawo a kan ruwa, wasu kuma da suka ci miyar dodon koɗi suka kwanta da amai da gudawa. Ma'aikatan lafiya suka zo daga birni, suka zauna da manyan gari, aka hana tsinta har sai an gwada ruwan. An kafa allo da jan ƙyalle a mashigar. Mama ta sa aka ɗauke mata ƙarfenta aka kai gida. Muka zauna ba aiki.

Ran Alhamis da safe ni da Ilyasu muka shiga. Ruwa ya dawo ya same mu a ciki. Ni na fita, wani masunci ya ɗauko ni a kwalekwale. Ilyasu ba a gan shi ba.

Kwana uku ke nan masunta suna nema, sun bi kowane lungu da sanda da raga. Allah ya saka musu, ba su san mu ba, ba mu jin yarensu, amma sun bar sana'arsu saboda mu. Ba a ga gawa ba. Sun ce wani lokaci kwalekwalen wani gari kan tsinci mutum ya wuce da shi, sai bayan kwanaki a ji labari. Ki gaya wa Inna da Larai haka, su yi ta addu'a.

Manyan gari sun kira ni sun yi mini faɗa ta bakin wani tafinta da aka nemo daga birni, an soke sunana daga masu tsinta. Ina nan a ɗakin dai. In na ta da kabbara sai in ji ina jiran wata murya a bayana.

A nan zan tsaya. Allah ya sa mu ji alheri.

Mijinki,
Ubaidullahi


Ashirin ga watan Zulkida

Zuwa ga maiɗakina Hamdiya,

Bayan gaisuwa, ina tambayar lafiyarki, da ta Barira, da Inna, da Larai. Yaya haƙuri? Takardarki ta iso ni ta hannun Chindo, na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki.

Kin ce liman ya ce tunda ba gawa, ba kuma wanda ya ga mutuwarsa, Larai ba za ta shiga takaba ba, matar wanda ya ɓace ce, jiranta na shekaru ne. Kin ce duk ranar kasuwa sai ta hau amalanke ta je tashar Gidan Rumji tana leƙen masu sauka. Kin ce Inna ta hana a taɓa irin geron da ya rataye, wai shi zai shuka abinsa. Hamdiya, ni na jefa su cikin wannan hali da maganar kwalekwalen wani gari. Masunta sun faɗe ta don su kwantar mini da hankali, ni kuwa na aiko muku da ita alhali na san ba haka ba ne. Tsoro ne ya sa ni. Tsoronki na fi ji.

Ga yadda aka yi. Ilyasu bai so shiga ba. Ya ce mu baƙi ne, doka kuma doka ce, mu haƙura. Ni na matsa masa. Na ce an hana ne saboda masu ci, mu kuwa ɓawo kawai za mu kai wa mai bulo, bulo kuma ba ya gudawa. Har ya yi dariya. Ya ce to wa zai buga mana ƙarfe. Na ce ba mu bukatar tsohuwa, ruwa ba ya dawowa kafin azahar, na gwada kwana huɗu na gani. Ya yarda don ni ne babba, kuma bai taɓa yi mini musu ba sai a kan iyakar gona.

Mun shiga bayan sallar asuba, ruwa ya janye, fili fetal. Muka yi nisa fiye da kullum tunda ba mai tsawata mana. Hantsi bai gama dubawa ba na ji sanyi a idon sawuna. Ban ko damu ba, sai da na ɗaga kai na duba inuwa, na ga azahar da saura nesa. Da na waiwaya, kwarin da muka tsallako ya cika. Ta baya ruwan ya zagayo mu.

Muka yar da buhuna muka nufi itatuwa. Ilyasu ya taka wani wuri mai laushi, ya nutse har cinya. Na kama hannunsa na ja, na cire rigata na ba shi na ja, duk motsin da ya yi sai ya ƙara shiga. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Na nutsa na tona da hannu a gindin ƙafarsa, taɓon na komawa kamar kunu. Da ya ga ni ma na fara kafewa, ya ture ni, ya ce in tafi, Barira ƙarama ce. Na tafi, Hamdiya. Na hau saiwar itace, tsakanina da shi bai fi tsawon igiyar guga ba. Ina kiran sunansa, shi yana kalmar shahada. Bai yi kuka ba. Ina kallo ruwa ya rufe shi, kuma ban ɗauke ido daga wurin ba har masuncin ya zo. Da ruwan ya sake janyewa, ya tafi da shi.

Bayan kwanaki Mama ta zo da kanta da kwanon abinci. Ta nemo tafinta, ta nuna mini farin wata da ke sama da rana tsaka, ta ce ruwansu shi yake bi, ba rana ba. Kullum ruwan yana jinkirta kusan awa guda, kuma sau biyu yake zuwa tsakanin dare da yini. Wanda ya zo da la'asar yau, bayan mako da hantsi za ka gamu da ɗan'uwansa. Ta ce jikokinta ma sun san wannan. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Shekara arba'in ina duban wata don azumi da salla, ban taɓa sanin yana jan ruwa ba. Na auna tekun mutane da agogon garinmu, na kuma ɗauka na fi masu ita wayo.

Saboda haka ga shaidata. Ni Ubaidullahi ɗan Mumuni na Gidan Sori, cikin hankalina, na shaida Ilyasu ya rasu ran Alhamis sha shida ga watan ƙaramar salla, da hantsi, a gaban idona. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Liman ya fi ni sanin inda Larai za ta fara ƙirga kwanakinta. Ta daina zuwa tasha.

Zan biyo Chindo a tafiyarsa ta gaba in maimaita wannan da bakina. Zan sauka gidan kawuna a Gidan Rumji, ba zan taka Gidan Sori ba sai kin aiko.

Na san abin da na ɗora miki, don ke kaɗai ke karatu a gidan. Ki kira liman, ki zaunar da Inna da Larai, ki karanta musu. Na san halinki, za ki so ki rufa mini asiri ki ce ruwa ne kawai ya zo. Ina roƙonki don Allah, in kin iso wurin da na ce ni na matsa masa, da wurin da na ce na tafi, kada ki tsallake. Ki karanta da ƙarfi yadda Inna za ta ji.

Ki gafarce ni in za ki iya. Allah ya ba mu haƙuri.

Ni ne,
Ubaidullahi