Tururuwa Masu Bin Jadawalin Hukuma

Daga:
Mai Gyaran Fanka,
Ɗakin bakin titi, gida mai koren ƙyaure,
Layin bayan tashar mota.

18 ga Satumba.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Sashen Tsaftar Muhalli,
Ofishin Hukumar Gari.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN YADDA MA'AIKATAN FESHI SUKA HAƊA KAI DA TURURUWA WAJEN RABA NI DA IYALINA

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, waɗanda nake kyautata zaton suna kwana gida ɗaya da kai. Ni ba mutum ba ne mai son kai ƙara. Amma abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, to ya fi wutar zafi. Ina roƙon ka dubi waɗannan bayanai da idon rahama.

1. A farkon watan Mayu tururuwa suka kafa gari a ƙarƙashin dokin ƙofar ɗakina, wanda ƙofarsa ke kallon titi. Na yi musu duk abin da jama'a ke yi. Na zuba tafasasshen ruwa, na barbaɗa toka, na tsiyaya kananzir, na sa ƙafafun gado cikin gwangwanayen ruwa. Har allin nan da ake zana layi na sayo na zana, suka zagaye layin cikin ladabi suka wuce. Ranar 9 ga watan, ɗaya daga cikinsu ta ciji 'yata 'yar wata huɗu a fatar ido, idon ya kumbura ya rufe. Kafin la'asar surukata ta iso, ta goya jikarta, ta tasa maiɗakina a gaba, suka tafi. Ko ruwan da na miƙa mata ba ta sha ba, sai da ta leƙa cikin kofin ta ajiye.

2. Surukata ta gindaya mini sharaɗi ɗaya. Kowace Asabar za ta zo, ta zuba cokalin sukari a tsakiyar ɗakina, ta zauna a kujera ta sha shayinta. In ta shanye babu tururuwar da ta zo, iyalina su dawo. In ko ɗaya ta leƙo, sai wata Asabar. Ina sanar da ofishinka cewa surukata ba ta shan shayi da zafi.

3. Ranar 15 ga Mayu na kawo kukana ofishinka, kuma wajibi ne in yaba. An karɓe ni, an ba ni benci, an yi mini bayanin cewa sashenka yana da rukunin feshi biyu saboda ingancin aiki. Rukunin Ciki, ƙarƙashin wani bawan Allah da ake kira Dogo, yana fita ran Talata, kuma ba ya fesa komai sai abin da ke ƙarƙashin rufi. Rukunin Waje, ƙarƙashin wanda ake kira Mai Tabarau, yana fita ran Juma'a, shi kuma nasa sai abin da rana ke duka. Tun daga lokacin ba su taɓa saɓa rana ba. Da za su riƙa makara ko mantuwa kamar sauran ma'aikata, da yanzu iyalina na gida.

4. Ga yadda aikin ke tafiya, ranka ya daɗe. Ran Talata Dogo ya feshe ɗakina, har ya ce in ɗaga katifa. Tururuwa su kwashi ƙwansu su fita titi. Laraba da Alhamis ɗakina tas, ko zuma ka zubar ba mai kallonta. Ran Juma'a Mai Tabarau ya feshe bakin titi da gindin bango. Tururuwa su kwashi ƙwansu su dawo ciki, da yunwarsu da fushinsu. Washegari Asabar surukata ta zo da cokalinta. Yanzu abin ya kai ba sa ma jiran feshin. Ran Talata da sassafe, tun kafin a ji motar Dogo, za ka gan su sun jeru suna fita, ba turereniya, ba hayaniya. Na yi imani babu wani ɗan gari da ya riƙe jadawalin ofishinka kamar su.

5. Na roƙi surukata ta mayar da zuwanta Laraba. Na bi ta hannun maiɗakina, na bi ta hannun ƙanin maiɗakina, wanda ke kawo ta a babur. Amsar da ta aiko mini ita ce, mai gaskiya ba ya zaɓen ranar jarrabawa, kuma jikarta ba Laraba kaɗai za ta riƙa kwana a ɗakin ba. Ko a kotu wannan magana ta tsaya.

6. Da na ga haka sai na yi ta sintiri tsakanin Dogo da Mai Tabarau har suka amince su zo rana ɗaya, 6 ga Agusta. Na share ɗaki, na sayo musu ruwan sanyi, na aika wa maiɗakina ta fara haɗa kaya. Suka iso, kowa da injin feshinsa a goye, maƙwabta suka firfito kallo. Na nuna musu ramin, ga shi nan ƙarƙashin dokin ƙofa. Dogo ya duƙa ya duba, ya ce ai dokin ƙofa rana na dukansa da hantsi, saboda haka na Waje ne. Mai Tabarau ya ɗaga kai ya nuna bakin kwanon rufi da ya ɗan zarto, ya ce ƙarƙashin rufi yake, na Ciki ne. Aka aiko da igiya aka auna. Aka jira rana ta karkata aka ga inda inuwa ta tsaya, sai ta raba dokin ƙofar gida biyu. Daga nan magana ta koma kan wanda ya riga wani shiga aiki, da wanda aka tsallake a ƙarin girma, da wata tsohuwar taya da aka ara ba a mayar ba. Dogo ya ce wa Mai Tabarau makaho mai ido huɗu. Mai Tabarau ya ce tsawo ba hankali ba ne, in ba haka ba da falwaya ce darakta. Ina neman afuwa, maganarsa na maimaita. Suka shanye ruwan, kowa ya hau motarsa. Tururuwa na tsakiya suna ta harkokinsu, ko ɗigon magani bai taɓa su ba.

7. Ranka ya daɗe, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Juma'ar da ta biyo baya na yi dabara. Na barbaɗa sukari can gindin bishiyar da ke tsallaken kwata don su zauna a waje, sannan na tsaya bakin ƙofa na roƙi Mai Tabarau ya tsallake layinmu wannan makon kaɗai. Ya ce aikin hukuma ba a tsallake shi. Ya gano sukarin, ya gargaɗe ni kan laifin kiwon ƙwari a kan titi, ya ce tunda abin ya yi yawa, yau ninki biyu za a fesa. An bar jaki ana dukan taiki. Washegari surukata ba ta gama juya cokali a kofi ba suka kewaye sukarin, wasu suka zarce kan ƙafarta. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta dube ni ta ce: "Ɗana, Asabar ɗin ƙarshen Satumba ita ce ta ƙarshe. In na ga ɗaya, mota zan turo a kwashe kayan 'yata."

8. Ranar Lahadin da ta wuce na je ganin 'yata. Ta fara rarrafe. Ban ga ranar da ta fara ba, labari aka ba ni. Na miƙa hannu zan ɗauke ta, ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai karanta mitar wuta, ta fashe da kuka, ta rarrafa wajen kawunta mai babur tana cewa ba-ba. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Maiɗakina ce kaɗai ta tashi ta shiga ɗaki.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon ofishinka mai albarka:

(a) Ya yanke hukunci, kafin Asabar ɗin ƙarshen wannan wata, ko dokin ƙofa na Ciki ne ko na Waje, a tura mai shi ya fesa. Ba ni da zaɓi a tsakaninsu, duk wanda aka ba ina maraba.

(b) In wannan na buƙatar kwamiti, to a musanya musu rana mako ɗaya tak, Waje ran Talata, Ciki ran Juma'a. Na san tururuwan za su gane sabon jadawalin, amma ina sa ran zai ɗauke su kwana biyu, ni kuma Asabar ɗaya nake nema.

(c) In duka biyun sun gagara, a tura Mai Tabarau layin su surukata ya yi mata feshin waje, ninki biyu, yadda ya iya. Na tabbata in tururuwa suka shige mata ɗaki, kafin Lahadi da kanta za ta kawo mini iyalina.

Na sake karanta buƙata ta uku, ranka ya daɗe, kuma na janye ta. A ƙasan ɗakin surukar tawa 'yata ke rarrafe. Ban goge ba ne don ka ga inda aka kai ni.

Ba na neman a hukunta kowa, domin kowa aikinsa ya yi. Allah ya ƙara girma, ya kuma tsare maka dokin ƙofarka.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Mai Gyaran Fanka