Ƙafar Habsu ta kumbura, ni kuwa na ƙi murza ta

Zuwa ga babban likitan da ya turo masu binciken jini ƙasar Gangara.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gajiya, ina iyali? Ni ce Zulai ungozoma. Ban yi lakol ba, ban iya rubutu ba. Faɗa nike, Madam Rabi maƙwabciyata tana rubutawa, na kuwa roƙe ta kada ta gyara mani magana.

Na farko. Bara bayan girbi mutanenka sun zo gidan likitanmu ɗibar jinin masu jego. Ni na tara masu matan, ni na lallashi mazan da ke cewa sayar da shi za a yi. Wata likita a cikinsu ta ga ina leƙe, ta ce in sa ido a madubinta na duba jini. Ranka shi daɗe, ɗigo guda! Sai ga gari guda a ciki. Jajaye kamar an baza wake bisa tabarma, a tsakaninsu wasu ƙanana kamar tsaki. Ta ce ƙananan nan su ke rugawa bakin rauni, su manne da juna su toshe. Shekara arba'in ina yanke cibi, ina ganin jini na tsayawa, ban san akwai masu tsai da shi ba. Na zauna ƙasa ina ta subhanallahi. Har yau in wuƙa ta yanke ni wajen yanka kuɓewa, tsayawa nike in kalla, in ce ga su nan sun zo.

Na biyu. Ita ɗin ce kuma ta tsorata ni. Ta ce wani sa'i jini kan daskare cikin jijiya ba tare da rauni ba, musamman a ƙafar mai jego. In aka murza, gudan na iya ɓallewa shi haura ƙirji shi tare numfashi. Mu kuwa tun kakanni murzawa muke, da man shanu da ruwan zafi. Akwai Sa'a matar maƙeri, shekarun baya, ƙafarta ta kumbura tana jego. Na murza mata da hantsi, kafin azahar tana haki, da la'asar aka yi mata sutura. Kwananta ne ya ƙare, na sani. Amma hannuna ne na ƙarshe a ƙafar nan. Ban iya gaya wa likitar ba.

Na uku, shi ne kukana. Mutanenka sun ce za su dawo su tara gari su yi bayani. Damina ta zo ta wuce, shiru. Kun ɗora wa tsohuwa guda wannan abu kun tafi.

Yau kwana tara da haihuwar Habsu, ɗiyar ƙanwata. Ƙafarta ta hagu ta kumbura, ga zafi, ba ta takawa. Na ƙi taɓawa. Uwar mijinta ta ce tsufa ya taɓa mani kai. Mijin ya ce ba shi ɗora mai jego bisa moto mai ƙafa biyu har gidan likitan Gazawa don maganar ƙwarin jini da ni kaɗai na gani. Sun aika a kira wata mai murza, jibi take zuwa.

Roƙona ke nan. Ka turo mota ko likita kafin jibi. In ba hali, ka aiko takarda mai hatimi zuwa ga maigari. Maganarka za su ji, tawa ta ƙare. A kuma faɗe shi a rediyo da Hausa, don ungozomomi irina suna da yawa.

Allah shi ƙara maka sani, shi tsare maka ɗiyanka mata ranar haihuwarsu. Ni dai na shimfiɗa tabarmata a ƙofar ɗakin Habsu, ba mai shiga sai ya tsallake ni. Amma ba ni da ƙarfin da zan tare su in sun ɗauke ni.

Wassalam.

Zulai ungozoma, ga yatsana na dangwala.