Jan Mayafin Amarya

Bombay, daminar 1957

Yaya Sattar,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya idon Baba? Ina Inna da yara?

Albishirinka! Don Allah kada ka sayar da tukwanen rininmu. Ka san da fim baƙi da fari ne, ko tsumma aka yafa wa amarya ba mai ganewa. To, yanzu fim mai kala ya shigo. Ranar gwaji amaryar fim ɗinmu ta fito a majigi, jan mayafinta ya koma ruwan toka, sai ka ce mijin ne ya mutu. Darakta ya dafe kai, ya hango ni ina aikina na janyo fitilun ɗaukar fim.

"Kai ɗan Bhuj, ba gidan marina ka fito ba?"

Na ce, "Kaka da kakanni, ranka ya daɗe!"

Nan take ya ba ni aikin rina kayan fim ɗin, yanzu rumfa guda gare ni. A ciki nake kwana, tana ɗan yoyo, hannuna ma ya tsattsage, amma kada Inna ta ji. Ka aiko mini saiwar jan rini, ta nan ba ta kamawa.

In fim ɗin ya iso Bhuj, ka zaunar da Baba a layin gaba. Ko bai ga fuskar amarya ba, zai gane jan rininsa.

Ƙaninka,
Latif