Zumar Baba ta Ƙarshe

Yaya Salmin,

Ina gaisuwa. Ya Inna da ƙafarta? An samu ruwa a kwarinmu na Do'an?

Ni lafiya lau, sai dai tsayuwar shago a nan Jidda. Wuni nake ina auna wa mutane zumar magaryar kwarinmu.

Kwalbar zumar Baba da ka aiko ta iso. Maigidana ya ɗanɗana ya ce, "Awad, wanda ya ɗebi wannan ya riƙa aiko mini duk shekara." Na kasa gaya masa Baba ya rasu.

Don Allah kada ka sayar da ƙudan zumarsa. Magarya ta kusa fure, ka kai su inda ya saba kai su.

Ka ce wa Inna ina shan zumar. Gaskiya na ɓoye ta. In ta ƙare, shi ke nan.

Ƙaninka,
Awad